Takardar da Ta Ƙi Zagayawa

A gidansu Auta ake kiranta. Wata biyu ke nan da suka tare a sabuwar unguwa, amma har yanzu ba ta da ƙawa ko ɗaya. Yayarta ta tafi makarantar kwana. Da can su biyu suke zane a ƙasan ɗaki, suna faɗa a kan jan fensir. Yanzu duk fensiran nata ne, amma zanen ba ya yi mata daɗi.

Mamarta ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana aiki ran Asabar, sai da rana take tashi. Shi ya sa take ajiye Auta a laburaren yara kafin ta wuce asibiti.

"Ki shiga cikin yara, kin ji ko?" in ji Mama.

"To, Mama."

A laburaren akwai Malama mai kula da littattafai. Duk Asabar takan karanta wa yara littafi mai hotuna, sannan su zauna a dogon tebur su yi zane. Zanen yana da doka. Kowa zai fara nasa. Da zarar Malama ta kaɗa ƙararrawa, sai ka miƙa takardarka ga na damanka, shi ma ya ƙara wani abu. Haka takarda za ta zagaya har ta dawo wa mai ita.

Ran nan Malama ta karanta labarin wata bushiya. Kowa yana gudunta saboda ƙayar jikinta. Auta ta ƙura wa hoton ido, ta ji tausayin bushiyar sosai.

Ta zauna ta zana bushiya a gindin bishiya. Gaskiya Auta ta iya zane, har ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya ta jera su.

Ƙararrawa ta kaɗa. Auta ta miƙa takardar, ba don ranta ya so ba. Ta damanta wata 'yar yarinya ce mai fara'a. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, shi ya sa yara suke kiranta 'Yar Giɓi. Nan da nan 'Yar Giɓi ta ɗora wa bushiya wata ƙatuwar hula shuɗiya, a karkace.

Auta ta cika ta yi fam. Ta fizge takardar.

"Kin ɓata mini! Ke ko riƙe fensir ba ki iya ba!"

Tebur ya yi tsit. 'Yar Giɓi ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Rana ce na ga tana dukanta."

Malama ta matso. "Auta, wannan magana ba ta dace ba. A teburin nan takarda zagayawa take yi."

"Ni ba na so a taɓa tawa."

"To, ga ƙaramin tebur can kusa da taga. Duk ranar da kika shirya, kujerarki tana nan."

Auta ta koma can, ta goge hular. Sai da ta goge har takardar ta kusa hujewa.

Asabar uku tana zama ita kaɗai. Babu mai ɓata mata zane, babu kuma mai yi mata magana. Tana jin ƙararrawa tana kaɗawa a bayanta, yara suna ta dariya. Wani ya yi wa kifi takalma, wata ta yi wa giwa tabarau. Ita kuwa bushiyarta tana nan a gindin bishiya, tsaf da ita, ba kowa kusa. Kaɗaici ya ishi Auta, har ta fara ƙin jinin Asabar.

Rannan a gida Mama ta ga zanen a jakarta.

"Kai, wannan bushiya ta yi kyau! Amma ina abokanta?"

Auta ta fashe da kuka. Ta gaya wa Mama duk abin da ya faru.

Mama ta jawo ta jikinta. Sannan ta buɗe akwati, ta ɗauko wani tsohon zane. Gida ne mai kyau wanda Yaya ta zana. A kan rufinsa an yi wani jagwalgwalo mai ƙafa bakwai.

"Wa ya ɓata wa Yaya gida?" in ji Auta.

"Ke ce, kina shekara uku. Kika ce kyanwa ce."

"Yaya ba ta goge ba?"

"Ta ce wurin ya fi ko'ina burge ta. Ita ta ba ni ajiya."

Jikin Auta ya yi sanyi. Ta daɗe tana kallon kyanwar.

Da Asabar ta zo, Auta ta nufi dogon tebur. Ta tsaya kusa da 'Yar Giɓi.

"Ki yi haƙuri da abin da na faɗa miki. Ban kyauta ba."

'Yar Giɓi ta dube ta, ta washe giɓinta. "Ai na manta. Zauna, tun rannan jakata ce take tsare miki kujera."

Auta ta sake zana bushiya. Da ƙararrawa ta kaɗa, ta miƙa takardar da hannu biyu.

"Don Allah ki mayar mata da hularta."

Takarda ta zagaya hannu tara, ta dawo. Ga hula a karkace. Ga zomo, ga tsuntsu mai wuya kamar na raƙumi, ga wani abu da babu wanda ya san ko mene ne. Duk sun kewaye bushiya. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki.

Malama ta ɗaga zanen sama, ta ce, "Kun gani, yara? Wanda ya hana a taɓa nasa, shi kaɗai zai zauna. Wanda ya ba wasu wuri a takardarsa, ya ba su wuri a zuciyarsa."

Da Mama ta zo ɗaukarta, Auta ta rugo tana riƙe da hannun 'Yar Giɓi.

"Mama, ga ƙawata! Ita ce mai hular."