Mai Fito a Bututun Hayaƙi

Magaribar wata Alhamis, dusar ƙanƙara na sauka a hankali kan unguwarsu da ke bayan birnin Almati, tsohuwa Kulash ta aza kasko a kan murhun bulon da ke ɗumama gidan. Wainar fulawa za ta soya kamar kowane mako, don ƙamshin mai ya bi bututun hayaƙi ya kai wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mutum ɗaya ne a ranta, ɗanta Darhan, wanda ya gina murhun da hannunsa. Duk sanda mai ya ɗau ƙamshi, sai ta ji siririn fito daga bututun, irin wanda yakan yi idan yana aiki. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran nan ba ta kai ga jin fiton ba. Murhun ya yi wata ƙara, ya tsage daga sama har ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Magini ya zo ya girgiza kai. Ya ce ba ya gyaruwa, sabo kuma hukuma ta hana saboda hayaƙin kwal da ya addabi garin. Ko na gas, ko na lantarki.

"Akwatin ƙarfe ne zai ɗumama mu?" in ji Kulash. "Abin da ko numfashi ba ya yi?"

"Apa, sanyi ba zai jira mu gama gardama ba," in ji Meruyet, matar marigayi Darhan, wadda haka take kiran surukarta.

Aka kafa na gas, aka toshe bututun da siminti.

Tun daga nan gidan ya sauya. Rana na faɗuwa sai a ji gutsattsarin kwal na zuba kan rufi, a fita a ga babu ko sawun kyanwa. Shayi ya riƙa zuwa da ɗanɗanon toka. Sai wata yamma aka nemi Togjan, 'yar Darhan, aka same ta a duƙunƙune cikin bakin mataccen murhun, fuska duk baƙi. Ta daina ci, ta daina gane uwarta. Abin da kawai take faɗa, da muryar da ba tata ba, shi ne, "Sanyi."

Malam Sagindik ya zo bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ta ɗago ido.

"Wane ne kai?" in ji malam.

Baƙuwar muryar ta amsa daga bakin yarinyar: "Maƙwabci ne, malam. A bututu nake tun ranar da maigidan ya aza bulon ƙarshe. Ko cokali ban taɓa ɗauka ba. Kun toshe mini ɗaki, na nemi wani mai ɗumi."

"Jikin yarinya ba ɗaki ba ne. Fita."

"Tambayi tsohuwa tukuna. Wa ke yi mata fito ranar Alhamis?"

Kulash ta zauna a ƙasa. "Ba Darhan ba ne?"

"A bakinsa na koya. Na ga kina juya waina kina kuka, ga shi ina shan ƙamshinki, sai na ga ya dace in rama alheri."

"Ƙamshin fa? Yana kai masa?"

"Iyakata bakin bututu, tsohuwa. Abin da ke sama da nan ban sani ba."

Aljanin ya sassauta murya ya kawo tayinsa: a fasa simintin, a gina ɗan murhu a ɓoye, shi kuwa ya saki yarinya ya ci gaba da fitonsa. Malam ya ce idan aka bar shi, duk ranar da wuta ta mutu jikin yarinyar zai koma.

Gaskiyar magana, Kulash ta so ta yarda. Ko da ta san na aro ne, fiton nan shi kaɗai ya rage mata. Ta dubi yatsun jikarta da suka ƙandare kamar na gawa.

"Tafi," ta ce.

"Har da fiton?"

"Har da shi."

"To bari in yi miki na bankwana."

Leɓunan yarinyar suka tsuke, ta ja numfashi. Kulash ta rarrafa da sauri ta rufe mata baki da tafin hannu.

"Kada ka yi. Idan na ji, ba zan iya barinka ka tafi ba."

Wani ɗumi ya ratsa tsakanin yatsunta ya fice. Togjan ta sulale a ƙirjinta, can ta buɗe ido ta kira sunan uwarta. Kulash ta miƙa wa Meruyet 'yarta, ta juya fuska bango, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.