Lambobin da Suka Rage a Bayan Kanta

Da hantsi wani mai saye ya aiko da babbar mota a loda masa injunan ban ruwa. Aka janye kwalayen gaba, sai ga bayan kanta wayam. Layi guda cur ya yi ɓatan dabo, alhali kullum da safe na'ura cewa take kaya sun cika.

Aka kira Sufeto. Ya daɗe da ajiye kaki ya kama shugabancin tsaro a wannan sito, amma sunan ya ƙi sakinsa. Ya tsaya yana duban gurbin, hannu a baya.

Kowane kwali a siton yana da lambarsa a manne, 'yar takarda mai siririyar waya a ciki, wadda ake kira RFID. Ba sai an gan ta ba. Na'ura ta kira ta, ita kuma ta amsa. Na'urorin iri biyu ne. Akwai wadda aka kafa a bakin ƙofa, mai ihu in kaya sun fita ba izini. Akwai ta hannu, wadda ma'aikata ke kira bindiga, da ita ake ƙirga kaya. Ta ƙofa ba ta yi ihu ba. Bindiga kuwa, da Sufeto ya nuna ta ga kantar da ba komai, sai ta hau kuka ƙit-ƙit-ƙit kamar an saka ta.

Ya durƙusa ya leƙa. Ga lambobin nan reras a bayan ƙarfen kanta, an ɓare su daga kwalayensu. Kowace tana zaune a kan guntun kwali da aka ninke, aka soke kunnensa ciki.

Manaja ya ce kafin a tashi aiki yana son sunan ɓarawon, in ba haka ba mai sito, ma'aikacin da kayan ke hannunsa, zai kwana a ofishin 'yan sanda. Mutum uku ne ke shiga wannan ɓangare: mai sito, direban motar ɗaga kaya, da Injiniya mai kula da na'urori. Injiniya mijin Auta ne, 'yar Sufeto, wadda ke gida da jariri. Sufeto da kansa ya kawo shi aikin, ya tsaya masa. Da ya tuna haka ya jira gabansa ya faɗi, bai faɗi ba.

Ya fara da direba, sarkin surutu.

"Yallaɓai, ni da aka ɗaura wa ƙararrawa?" in ji direba. "Je ka duba motata. Lambarta mai batir ce, ita ke kiran na'ura da kanta. Ko fitsari na tsaya yi, ofis sun sani."

Gaskiyarsa. Motar ba ta taɓa shiga layin ba tun da aka jera kayan, hannunsa kuma bai taɓa riƙe bindiga ba.

Mai sito ya shigo yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Sufeto ya miƙa masa sabuwar lambar takarda.

"Ɓoye mini wannan a jikin kanta, yadda bindiga za ta ji ta."

Mutumin ya tofa wa ƙarfen yawu, ya goge da hannun riga, ya manna. Aka nuna bindiga, shiru.

"Ka gani ko!" ya ce. "Na sha gaya wa manaja abin nan iskokai gare shi. Kwanaki na manna irinta a jikin duron ƙarfe, ta mutu murus. Har ƙara na kai ofis."

Ofis suka ce an yi haka, har dariya aka yi masa. Sufeto ya ce ya koma bakin aikinsa.

Injiniya ya zo ya rusuna har ƙasa, kamar yadda ya saba. Sufeto bai yi masa maganar sata ba. Ya nuna wata sabuwar kanta can nesa da wurin.

"Ba a sa wa wannan lamba ba. Ga guda, manna mata."

"Baba, ai ta takarda ce, ba ta magana a kan ƙarfe. Ƙarfe sai mai taurin nan da ake ɗaurewa da kusa, kuma sun ƙare. Amma bari."

Bakinsa na magana, hannunsa na aiki. Ya yagi kwali, ya ninke, ya soke kunnen ciki, ya ɗora lambar a kai. Bindiga ta ce ƙit.

Sufeto ya ciro guda daga cikin waɗanda ya tsinto, ya ajiye kusa da ita. Ninki ɗaya, sukar kunne ɗaya.

"Wanda ya ɓare lambobin ya san ƙofa lamba take ji, ba kaya ba," ya ce, muryarsa kamar mai karanta sanarwa. "Ya san dole su ci gaba da amsawa kowace safiya. Ya kuma san ƙarfe na kashe su, abin da mai sito bai sani ba har yau. Direba ba zai iya gwada su ba. Saura kai, kuma ga aikin hannunka."

Injiniya ya dubi guntayen kwalin biyu. Sannan ya zauna a ƙasa.

"A motar da nake zuwa gyara da ita nake fitar da su, kaɗan-kaɗan. Baba, don Allah, Auta..."

Sufeto bai tambaye shi dalili ba. Ya laluba zuciyarsa ko zai sami fushi, ko tausayi, bai sami ko ɗaya ba. Ya taka zuwa ofis, ya faɗi sunan, ya tsaya har 'yan sanda suka zo suka tafi da shi.

Yana cikin kulle ɓangaren wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, ana jin kukan jariri a bayanta.

"Baba, ina ta kiran Abban yaro bai ɗauka ba. In ka gan shi ka ce ya taho da madara."

Sufeto ya dubi makullin da ke hannunsa.

"Bari, ni zan kawo," ya ce. "Ki jira ni, kada ki fita."