Gahawar Da Hajji Mifleh Ya Ajiye

Zuri'ar Abu Nawwaf ba ta taɓa fitar da gurgu ba. Shi da kansa yake faɗa wa duk wanda ya zauna da shi a Ramtha, inda gudun yaƙi ya ajiye mutanen Dara'a. Don maganar ta tabbata, ya sa Wisal, marainiyar ƙaninsa, a ɗakin ajiyar kaya a hawa na huɗu. Ginin da ya rufta a yaƙi ya kashe iyayenta ne ya danne mata ƙafafu. Shekara uku abokan hirarta su ne tulunan zaitun da wata taga mai kallon bango. In an yi baƙi, sai a kulle ta, ta toshe bakinta da mayafi kada tari ya ɓata sunan gida.

"Baffa, an ce akwai wurin gashin ƙashi kyauta..." ta ce wata rana, hawaye na zuba.

"Kyauta? A gan ki a titi, wa zai auri 'ya'yana? Ki yi haƙuri, 'yata."

Haƙurin ta yi, tana kai kuka wurin Allah, ƙafafun suna ƙara ƙanƙancewa.

Lamis, ma'aikaciyar wurin gashin, ta ji labari a bakin maƙwabta. Sau biyu ana ce mata babu mai wannan suna a gidan. Ran Juma'a sai ga mahaifin Lamis, Hajji Mifleh, da dattawa goma. Aka zuba masa gahawa, ya ajiye finjalin a ƙasa bai kurɓa ba. Wannan a al'adar mutanen Dara'a roƙo ne: baƙo ba zai sha ba sai an biya masa buƙata. Abu Nawwaf ya tuna Hajji na da ɗa injiniya a Jamus, shi kuma yana da 'yan mata huɗu, ya ɗauka neman aure aka zo.

"Sha gahawarka, Hajji! Ko me ka zo nema, na ba ka, waɗannan shaidu ne."

Hajji ya shanye, ya goge gemu. "Allah ya ƙara girma. Wisal muke so a wurin gashi, sau uku a mako."

"Wace Wisal?"

Sai tari ya fito daga ɗakin kaya. Dattawa suka dubi ƙofar, suka dubi mai gida.

A wata na bakwai Wisal ta miƙe tsakanin ƙarafa biyu, ta yi taku huɗu, ta faɗa jikin Lamis suna kuka. Likita ya ce matakalar bene kuwa sai nan da shekara, in Allah ya so.

Gidan Abu Nawwaf ba shi da na'urar hawa bene, gahawa kuma an riga an sha. Litinin, Laraba da Asabar, ƙarfe tara na safe, lokacin da duk layin ke bakin shaguna, Abu Nawwaf yake saukowa da ita a bayansa, yana tsayawa a kowane hawa ya nemi numfashi. Wisal takan ce, "Sannu, Baffa."