Ɗan Hannun da Ke Cikin Akwati

Ranar Talata, tara ga Oktoba, da ƙarfe uku da kwata na yamma, hazo ya rufe ƙauyen Lipovac. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta dawo daga makaranta. Tana cire takalmi ta ji kakanta Radovan yana yi wa matarsa magana ƙasa-ƙasa.

"Rucitsar Gvozden na nan a akwatin ɗakin sama. Kada kowa ya taɓa."

Yarinyar ta sandare. A harshensu, rucitsa ai ɗan hannu ne, irin na jariri. Gvozden kuwa ƙanen kaka ne, bara aka binne shi.

Ta lallaɓa ta hau ɗakin sama. Sanyi da ƙura kawai. Ga baƙin akwati a lungu. Ta girgiza shi. Wani abu ya yi ƙwas-ƙwas a ciki, kamar farce na karce katako. Ta sauko a guje.

Ba ta tambayi kowa ba. Washegari a makaranta ta raɗa wa ƙawarta Dunja. Kafin a tashi, duk ajin sun ji.

Kaka Radovan yakan zauna a bakin ƙofa kullum, yana raba wa yara gasasshiyar masara. Ranar nan suka tsallaka titi.

"Tsoho, hannu nawa ka tara?" wani yaro ya yi ihu.

Kwana uku masarar tana hucewa a kwano. A na huɗu kaka bai fito ba.

Malama Spomenka ta tsare yarinyar. "Kin ga hannun da idonki?"

"A'a, Malama. Ji na yi."

"To tashi, mu je mu ji sauran."

Yara takwas suka biyo su gida, suna riƙe da rigunan juna. Kaka ya saurara har ƙarshe. Ya hau sama a hankali, ya sauko da akwatin. Dunja ta rufe ido.

Murfin ya yi ƙara. A ciki, wani mariƙin ƙarfe ne mai doguwar waya.

"Ja'ira, wannan ne ya kore mini abokan cin masara?" in ji kaka. "Mu masu dirowa daga jirgin sama, shi muke kira rucitsa. Ka ja shi, lemarka ta buɗe."

Ya shafa ƙarfen. "Wata rana babbar lemar Gvozden ta ƙi buɗewa. Ina ƙasa ina kallonsa yana faɗowa kamar dutse. Ya lalubo wannan, ya ja. Ƙaramar lemarsa ta ko-ta-kwana ta buɗe. Ɗan hannun nan ya ƙara mini shekara arba'in da ƙanena."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu. In ba ki gane ba, ki tambaya kafin ki kai waje."

Ta juya ga 'yan ajinsu. "Ni na kawo zancen. Ba gaskiya ba ne."

Matar kaka ta hura wuta, aka gasa masara. Kowa ya taɓa mariƙin sau ɗaya, ya tafi gida yana ci.

Waɗanda suka rage a ɗakin su ne: kaka, da matarsa, da yarinyar a jikin gwiwarsa, da rucitsar Gvozden a kan tebur.