Auren Duhun Wata

Girman kai rawanin tsiya ne. Wanda ya naɗa shi a wannan labari ƙanena ne, Dujam, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba a bakin wani na ji ba.

Mu nan Split, garinmu na bakin teku, ba a ɗaura auren masunci sai wata ya cika. Kifin sardin fitila yake bi. In farin wata ya game teku ba ya ko kallon ta, sai jirage su kwanta a gaɓa, a yi ɗinkin taru, a yi biki. Duhun wata kuwa na nema ne. Dujam ya san haka sarai, a jirgin babanmu ya girma. Amma tun da ya buɗe gidan abinci mai farin ƙyalle a tebur, ƙarnin kifi ya fara tayar masa da zuciya.

Ran da wani saurayi masunci, Frane, ya zo neman auren 'yarsa Vinka, rana na faɗuwa, wata na leƙowa daga bayan tsauni, cikakke kamar faifai.

"Na ba ka," in ji Dujam. "Amma ni zan sa rana. Asabar ɗin tsakiyar duhu, da la'asar."

"Baba!" Vinka ta dafe ƙirji.

"Kawu, ka san ni ke riƙe da fitilar jirginmu," in ji Frane. "In babu ni..."

"To zaɓa. Ko 'yata ko fitila. In ba ka zo ba, babu aure. In ka zo, ka bar teku ke nan, ka kama aiki a wurina."

Na ce, "Dujam, kai a cikin turare aka haife ka?"

"Yaya Tonka, tsaya ga ɗinkinki."

Mai fitila shi ke zama shi kaɗai a ƙaramin kwale-kwale, yana lallaɓa kifi har bakin taru. Ba aikin kowa ba ne. Mahaifin Frane idonsa ya dushe, Frane kaɗai ya gaji aikin. Ga shi bana ƙuri'ar rabon wuraren kamun kifi ta ba jirginsu wuri mai albarka, kuma jirgin da ya fasa fita dare ɗaya, wani za a ba wurinsa har ƙarshen kaka.

Wata ya fara makara. Kullum sai ya ƙara jinkirin fitowa, kullum gefensa na cinyewa. Vinka ma haka take ramewa. Duk asuba tana bakin gaɓa tana jiran jirage.

Wata asuba, saura ɗan siririn wata a gabas kamar yankan farce, na ji hirarta da Frane ina gyaran taru.

"Zan zo, Vinka."

"Mutanenka fa? Babanka fa?"

"Ke ce numfashina... me zan yi da teku in babu ke?"

"Ka faɗa musu?"

Ya kawar da kai.

"Frane, dube ni! Ka faɗa musu?"

"Sun ce Allah ya sa albarka."

Ta fashe da kuka. Da yamma ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, don darajar marigayiya Mama, ka ɗaga ranar zuwa cikar wata."

"Na riga na yanka magana. So kike gari ya ce ɗan masunci ya juya ni?"

Na ce masa, "In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere." Ya rufe mini ƙofa.

Asabar ta zo, sama babu wata ko na magani. Dujam ya jera tebura har bakin titi, ya gasa raguna, ya ɗauko makaɗa. Frane ya iso ƙofar coci cikin baƙar kwat, fuskarsa kamar ta mai zuwa jana'iza.

Daga matattakalar coci ana hango gaɓa. Jirage na fita ɗaya bayan ɗaya. Na su Frane kaɗai ne a ɗaure, mutanensa zaune jugum a kan taru, tsohon makaho, mahaifin Frane, a tsakiyarsu ya rungume fitila.

Vinka ta daɗe tana kallon su. Sai ta juyo, ta kama kwat ɗin Frane ta baya ta zare.

"Je ka."

"Vinka..."

"Je ka, masoyina! Ba zan ci tuwon aurena da yunwar 'ya'yan mutane ba. Wata zai dawo, ni ma ina nan."

"In ya sauka daga nan," Dujam ya daka tsawa, "ke ba 'yata ba ce!"

Vinka ta matsa kusa da shi. Ta kama hannun ubanta ta sumbata, hawaye na ɗiga a kai.

"Kai dai ubana ne, ko ka ƙi."

Ta tattare farar rigarta ta bi Frane da gudu har gaɓa. Ita ta kwance musu igiya. Matan masunta duk suka bi ta, ni ce a gaba da sandata.

Gidana Vinka ta koma. Jinjirin wata ya tsaya a yamma, ya faɗi da wuri, ta aika wa ubanta, bai amsa ba. Wata ya yi rabi, ta je da kanta, ya sa aka ce ba ya nan. Ran da wata ya cika aka ɗaura auren, tsohon makaho ne ya riƙe hannunta zuwa gaban limamin coci. Har aka gama idonta na ƙofa. Bai zo ba.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ga abin da Dujam ya girba. Ragunansa karnukan unguwa suka ci. Masunta suka daina kai masa kifi, gidan abinci a bakin teku babu kifi kuwa rufewa yake yi, nasa ma ya rufe. Bai riƙe hannun 'yarsa tilo ran aurenta ba, abin da ba a yi sau biyu. Jikansa na fari sunan tsohon makaho ya ci. Ni kuma, yayarsa, har yau ina kai masa abinci, amma ban sake zama na ci tare da shi ba.