Alamar Jan Biro

Wata maɗinkiya ta iso ofishin 'yan sanda da zare maƙale a gyalenta. Wata guda ke nan da sace wayarta, kuma a wayar manhajar da ke ba ta lambar shiga imel take. A imel ɗin ta adana saƙonnin muryar 'yarta tilo da ta rasu bara.

"Yallaɓai, sai yau kamfanin imel ɗin ya buɗe mini, bayan na aika katin shaida. Na shiga, wayam! An goge komai."

Sufeto, wanda ba ya ɓata lokaci wurin jaje, ya karɓi bayanan da kamfanin ya turo mata. Wani ya shiga ran Talata da lambar ko-ta-kwana, irin wadda ake ba mai imel ya ajiye don ranar da waya ta ɓace.

"Ina kika ajiye takardar waɗannan lambobin?"

"A bayan hoton yarinyar, a ɗakina. Ni kaina na manta da ita."

Sufeto da wani kofur suka bi ta gida, suka tarar da mijinta, malamin lissafi, yana duba littattafan ɗalibai.

"Ni da kwamfuta, ranka ya daɗe? Ko kunna ta ban iya ba. Ɓarawon titi ne kawai."

Sufeto ya sauke hoton, ya zaro takardar. Lambobi goma ne, ta farko an yi mata alamar daidai da jan biro, mai doguwar jela. Ya jawo littafi ɗaya daga gaban malam ya haɗa su. Jelar iri ɗaya ce sak.

"Malam, wane ɓarawon titi ne zai yi amfani da lamba, ya ba ta maki, ya mayar bayan hoto?"

Malam ya ajiye biro. Ko gezau bai yi ba.

"Na gaji ne. Kullum in dawo gida in tarar da matacciya tana magana a falona. Wayar tana cikin kwata."

Sufeto ya sha ganin mugaye, amma wannan ya ba shi ƙyama. Ya yi wa kofur alama ya sa wa malam ankwa.

Matar ta riƙe hannun rigar Sufeto. "Yallaɓai, ai an ce abin da aka goge yana zama a kwandon sharar imel, ko?"

Mijin ya waiwayo daga bakin ƙofa.

"Shi ma na zazzage shi. Kin san ba na barin aiki rabi."