Zanen Hannun Kaka Tani

"Wannan ai zanena ne!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da masu sayen gero sunka waigo. Ranar kasuwar Filinge ce, ina tsaye gaban rumfar cajin waya ta Moussa, ɗan baffana.

Hannun Kaka Tani ne a fuskar wayata. Sati uku na yi ina zana shi: jijiyoyin nan, da ƙwaryar da take riƙewa in ana wasan bori a Tabla. Ban ma fitar da shi ba, ga shi an kai shi kasuwar bulokcen ta intanet da sunan wani.

Sunan Haske ne a kai!

"Basiratu, lahiya?" in ji Moussa.

Na juya masa baya.

Mu arba'in ne a gurup ɗinmu, Rumfar Masu Zane, daga Yamai, Damagaram, Kano, har Dakar. Bulokcen rijista ce da ba ta goguwa, in ka sa zanenka tana riƙe lambarka da ranar da ka sa. Dokarmu ita ce duk sabon shiga a ba shi mai koya masa, duk wanda ya fitar da zane kuma kowa ya yaɗa.

Ni Haske anka ba ni.

Wata takwas muna hira ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban ji muryarsa ba. Amma in anka yi ruwa a Filinge, sai ya rubuto, "Kin ji ƙamshin ƙasa?" Ta yaya ya sani? Na tambaya har na gaji.

Shi kaɗai na tura wa zanen nan.

Na koma bayan rumfunan masu tabarmi, na danna kiran Haske. Karo na farko.

"Assalamu alaikum..."

Muryar ta fi yadda na zata taushi, abin ya ƙara ba ni haushi.

"Mi na yi maka, Haske? Hannun kakata za ka sayar?"



"Basiratu, kada ki dubi suna, suna kowa na iya ɗauka. Dubi lambar da ke ƙarƙashinsa."

Na duba. Tasa na san ta, da bakwai take ƙarewa. Wannan da huɗu ta ƙare, kuma shekaranjiya anka buɗe ta.

"To in ba kai ba ne, wane ne?"

"Buɗe zanen da kyau. Shi ne wanda kika turo min?"

Na ja hoton da yatsu biyu. 

Zoben azurfa!

Ranar Litinin na tura wa Haske, babu zobe. Alhamis na ƙara shi. Juma'a anka ɗauke kuran, wutar lantarki, a unguwarmu, na bar wayata wuni guda a wurin caji...

A guje na koma rumfar Moussa.

"Yaya Moussa, don mi?"

Ya yi kamar bai ji ba, yana ta jera wayoyi. Da ya ga ban gusa ba, ya aje.

"Wata takwas kina wa waya murmushi, ni ina tsaye gabanki ba ki gani na! Na shiga gurup ɗinku don ke. So na yi ki tsane shi."

"Sai ka saci hannun Kaka? Kai ma fa kakarka ce!"

Ya sunkuyar da kai.

Kafin la'asar Rumfa ta tashi tsaye. Hasiya, shugabarmu a Yamai, ta ce kowa ya kai ƙarar zanen jabun, kafin magariba anka sauke shi daga kasuwa. Sunka taya ni sa na gaskiyar da lambata. Abin da ya sa ni kuka shi ne na washegari: kowa ya zana hannun tasa kakar ya yaɗa, ƙarƙashi ya rubuta, "Na Basiratu ne na farko, ku je ku gani."

Na rubuta wa Haske, "Na zarge ka. Ka yafe min."

"Na yafe, ƙanwata."

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Ina son ganinka."

Sai da ya kwana biyu kafin ya amsa.

"Ina zuwa Juma'a."

Moussa bai haƙura ba, ya riga Haske zuwa wurin Baba. Na tarar da Baba a zaure, fuska a murtuke.

"An ce min wani na cikin waya ke nemanki."

"Baba, mutumin kirki ne..."

"Ɗan wa ne? Ina gonarsu? Mutumin da ba shi da huska ba shi da asali. Ga ɗan'uwanki nan, mun san shi tun yana goye."

Kaka Tani, da ta zo daga Tabla jinyar ƙafa, ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Ɗanjimma, wanda kunka sani ɗin ne ya sato hannuna. Bari baƙon shi zo mu gan shi."

Juma'a bayan masallaci anka yi sallama. Na leƙa ta jikin zana.

Dogo ne, baƙi, da tsagar Kurfeyawa a kumatu. Ƙafarsa ta hagu a shanye take, yana dogara sanda.

Na fita ban ma gyara mayafi ba.

"Sunana na gaskiya Abdurrazak," in ji shi. "Mushe ne ni, wato malamin lakwal, makarantar boko ta Bonkuku. Hadarin da ya sauka wurinku, ta kanmu yake wucewa."

"Shi ya sa ka ɓuya? Saboda wannan?"

Ya dubi sandar.

"Na ji tsoron ki gan ta kafin ki gan ni."

"To na gan ta. Sai mi?"

Ya yi dariya, idonsa ya ciko.

"Basiratu... rabin raina, kada ki ba ni abin da za ki karɓe."

"Shiga ka gai da Baba."

Baba bai sake masa fuska ba. Gaisuwa kawai, ya sallame shi. Washegari ya hau babur bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Sai la'asar ya dawo. Na kai masa ruwa, na durƙusa. Ya sha, ya aje kwanon.

"Bonkuku na tahi. Na tambayi liman, na tambayi maigari, har masu sayar da ƙuli na tambaya. Ban samu wanda ya ce ya taɓa ɓata mishi rai ba. Bangon lakwal ɗin kuma duk shanu ne da raƙuma, shi ya zana su, kamar su yi motsi."

Na ƙi ɗaga kai.

"Ki ce shi turo magabatansa bayan girbi."

"Baba!"

"Tsaya, ban gama ba." Ya gyara murya, yana kallon ƙasa. "Bijimin nan nawa, Ja, da ya mutu bara... in na kwatanta mishi, yana iya zana min shi?"

Kaka ta tuntsire da dariya.

Bayan girbi anka ɗaura mana aure. A zauren Baba har yau akwai jan bijimi a bango, kuma duk baƙon da ya shigo sai an ce masa, "Surukina ya yi shi."